Safiyar da Aka Fasa Bangon Hawa na Uku

Ranar sadakar bakwai ta kakanku, ina cikin kicin ɗin gidanmu na unguwar Parkchester ina jera waina a faranti, na ji wata baƙuwa a falo tana ce wa ta kusa da ita, "Ai ita ce 'yar da ta kunyata shi a gaban mutane, shi ya sa ya bar limanci." Ke Nana kina tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, kin ji, kin kuma ɗago kin dube ni. Ban ce miki komai ba, domin tun ina yarinya magana ba ta zuwa mini a lokacin da ake buƙatarta, sai bayan kowa ya watse. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Da Hausa na rubuta da gangan, don ke da ƙaninki Habibu ku sha wahalar karantawa a hankali, tunda kuna ji amma da Turanci kuke ba ni amsa.

Kakanku, Malam Sabo, tela ne daga Zariya da ya yo ƙaura zuwa nan ƙasar Turawa. Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a wani babban kanti mai hawa uku, wanda ya cinye rabin wata kasuwar zamani da ke tsakiyar gari. Irin kantin nan ne da za ka shiga da tsiraicinka ka fito da sutura, da turare, da tukunya, da katifa. Shi aikinsa a hawa na uku yake, can ƙurya: in mutum ya sayi wando ya yi masa tsawo, ko kwat ta yi masa yawa, a hau da shi wurin Baba. Ranakun Asabar, in Ummanmu ta tafi aikinta na kula da tsofaffi a gidajensu, shi nake bi. Mu hau jirgin ƙasa mai lamba shida, mu canza wani, mu fito daga ƙarƙashin ƙasa, ni da littafin laburare a hammata. Ƙarƙashin teburinsa nake shigewa in yi ta karatu, ina ganin ƙafafun mutane suna zuwa suna tafiya, Baba a durƙushe da allurai a bakinsa yana naɗe musu bakin wando. Kantin ba shi da taga ko ɗaya. An ce da gangan aka gina shi haka, don kada mai sayayya ya san rana ta yi nisa. A ciki kullum lokaci ɗaya ne, hasken fitila fari, da wani kiɗa mai sanyi da ba ya ƙarewa, da ƙamshin turare da ke hawowa daga ƙasa. Har na girma ina jin kamar wurin ba a cikin duniya yake ba, kamar in ka hau matakalar nan mai tafiya da kanta ka bar yini da dare a bakin titi.

Bayan ɗakin ɗinkin akwai wani ƙaramin sito da aka daina amfani da shi. Nan ma'aikatan kantin Musulmi suke sallar azahar da la'asar: masu shara, masu ɗaukar kaya, masu gadi, 'yan Nijar, 'yan Gana, har da 'yan Senegal biyu. Baba ne ya fara roƙon manaja ya ba su wurin, shi ne kuma ya fitar da alƙibla tun makonsa na farko. Ya manna dogon tef ruwan ɗorawa a ƙasa, daga bango zuwa bango, kowane watan azumi ya ɓare tsohon ya manna sabo a daidai inda yake. Shi ke jan su salla. Daga nan sunansa ya tafi, har masallacinmu na unguwar Tremont suka riƙa gabatar da shi duk ranar da liman ba ya nan. Ba malami ba ne mai zurfi, amma muryarsa tana da daɗi, kuma mutum ne da ba ya yin abu da ka. In ya auna ƙugunka sau ɗaya sai ya sake aunawa. A wurinsa na gaji wannan hali.

Kantin ya rufe a shekarar da nake ajin ƙarshe a makarantar koyon zanen gine-gine. Baba ya dawo da keken ɗinkinsa gida, ya kafa shi a gefen falo, yana ɗinka wa matan unguwa kayan suna da na biki. Bai yi ƙorafi ba, amma kullum da safe sai ya sa hularsa da takalminsa kamar mai fita, sannan ya zauna a kan keken. A farkon bazarar shekarar ne makaranta ta tura ni wani ofishin masu zane don in koyi aiki. Shugabata, Madam Elena, mace ce mai sauri, ba ta zama a kujera. Ranar farko ta shimfiɗa wani tsohon zane a kan tebur ta ce masu kasuwar sun ba su aikin yanka tsohon kanti gida-gida, don sababbin 'yan kasuwa su shiga: mai takalma, mai kayan wasanni, mai sayar da waya, da wurin cin abinci. Tana son wanda zai je ya auna kowane ginshiƙi da kowace kusurwa, don tsohon zanen ba abin yarda ba ne. Na duba adireshin, na ga kantin Baba ne. Ban gaya mata na san wurin ba sai bayan mako biyu.

Ban taɓa shiga wuri mai shiru irin wannan ba. An kashe kiɗan, an kwashe kaya, matakalar ta tsaya cak, sai ka taka ta da ƙafarka kamar kowace matakala. A hawa na biyu an tara mutum-mutumin da ake sa wa kaya a talla, sun fi hamsin, ba riga ba wando, wasu ba hannu, duk sun fuskanci bango ɗaya kamar masu jiran a kira sunansu. Madubai suna nan ba a cire ba, in na wuce sai in ga kaina sau goma, da hular kwano a kan ɗankwalina, ina jan tef ɗin awo. A hawan ƙasa, in na durƙusa zan auna, ƙamshin turare na tasowa daga kafet, na matan da suka fesa a wuyan hannunsu shekaru da suka wuce. Wani lokaci nakan manta da aikin in tsaya, in ji kamar ƙarar keken Baba na zuwa daga sama. Nakan yi yini guda ban yi magana da kowa ba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba.

Mutum ɗaya ne ya rage daga tsofaffin ma'aikata, Alhaji Dauda mai gadi, mutumin Kumasi, aminin Baba. Hausarsa ta Zango ce, da "ka" yake kiran mace da namiji. Da ya gan ni ya tafa hannu.

"Rakiya! Kai ne injiniyan? Jiya-jiya kana ƙarƙashin tebur kana cin biskit ɗina, yau ka zo rushe mana gida."

"Awo kawai nake yi, Baba Alhaji."

"Haka mai yankan rago yake cewa, shafa wuya kawai nake yi."

Shi ne ya tara sa hannun mutane ya kai wa masu kasuwar, yana roƙon a bar ɗan ɗaki na salla a sabon tsarin, tunda yawancin waɗanda sababbin shagunan za su ɗauka aiki mutanenmu ne. Suka yarda, a daidai inda tsohon siton yake. Alhaji Dauda ya ƙara da cewa kada a sake manna tef, a sa layin koren tayil a cikin daɓen, a kan layin Malam Sabo, ya zauna har abada. Madam Elena ta miƙo mini takardar ta ce ni zan zana wannan ɗakin, tunda na fi kowa sanin abin da ake bukata. Ta ba ni mako biyu, don masu daɓe sun kusa zuwa. Da na gaya wa Baba, bai ɗago daga ɗinkinsa ba, amma na ga keken ya ƙara gudu.

Sababbin 'yan kasuwar ba sa son duhu, tagogi suke so manya-manya masu kallon titi. Saboda haka wata safiya magina suka fara fasa bangon gaba na hawa na uku, wanda ke saman ƙofar shiga. A lokacin an riga an rushe bangayen ciki, ɗakin ɗinki da sito duk sun zama fili ɗaya, sai tef ɗin Baba kawai a ƙasa, da wuraren da goshin mutane ya cinye kafet a jere. Ina tsaye a kan layin, na fuskanci inda muke fuskanta, ina rubuta awo a littafina. Na ji faɗuwar bulo a bayana, sannan wani abu mai ɗumi ya sauka a wuyana. Hasken rana ne, na farko da ya taɓa shiga wannan hawa tun da aka gina shi. Ya ratso ta cikin ƙurar siminti kamar an shimfiɗa farin yadi. Na tsaya ina kallon inuwata, doguwa, ta miƙe a gabana har ta haye wurin da liman ke tsayawa. Na daɗe ina sha'awarta kafin hankalina ya dawo. Ƙarfe tara na safe ne. Mai fuskantar alƙibla a wannan gari, da safe, rana a gabansa take, ta wajen damansa. Ba ta zama a ƙeyarsa.

Ban yarda da idona ba. Na koma ofis na ɗauko zanen mai alamar arewa, na ɗora shi a kan taswirar gari. Na hau rufin ginin da kamfas, na'urar da ke nuna arewa, nesa da ƙarafan da ke ruɗa allurarsa, na sake gwadawa. Na auna sau uku a ranaku uku. Layin Baba yamma yake kallo. Shekara goma sha tara sun kusan ba wa alƙibla baya. Daga baya na gane yadda aka yi. A Zariya ba a neman alƙibla da na'ura, inda rana ke fitowa nan ake fuskanta. Baba ya ga ranar safe tana dukan ƙofar shiga, ya ce to alƙibla wajen ƙofa take, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Sai ya riƙe wajen ƙofar a ransa ya hau sama. Amma matakalar kantin tana juya mutum a kowane hawa, ga shi babu taga da zai duba. Juyi ɗaya ya ɓace masa. Da wayoyi masu kamfas suka zo, wani yaro ɗan Nijar ya taɓa gwadawa a siton, allurar ta yi ta rawa saboda ƙarfen ginin, aka yi masa dariya aka ce ya mayar da wayarsa aljihu, layin Malam ya girmi wayar.

Kwana huɗu ina ɗauke da abin. Zane biyu na yi, ɗaya da layin Baba, ɗaya da na gaskiya, na ajiye su gefe da gefe a kwamfuta ina kallo. Ba wanda zai bincika. Madam Elena ba ta san bambancin ba, masu daɓe kuma abin da aka zana musu za su bi. Ranar Lahadi da hantsi, Baba ya fita kai ɗinki, na samu Umma tana gyaran alayyafo na faɗa mata. Ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Kin tabbata?"

"Sau uku na auna, Umma."

"Ke da ubanki, da awo za a binne ku." Ta ɗauki wuƙar ta sake ajiyewa. "Kanti ya tafi, teburinsa ya tafi. Layin nan kaɗai ya rage masa a garin nan, kin sani ko?"

"Na sani."

"To me kike so in ce miki? In ce ki sa a daɓe ƙarya da siminti, jikokin mutane su yi ta salla a kanta? Ba da bakina ba. Amma ni ba zan faɗa masa ba. Ke kika auno, ke za ki kai."

Na gwada. Sau biyu ina zama kusa da kekensa, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa ko yana son shayi. A ƙarshe na yi abin da marar baki ke yi. Na ce ya zo ya ga wurin kafin a daɓe shi, ranar Talata da ƙarfe tara. Na yi tunanin mu biyu ne kawai za mu hau, in tsayar da shi a kan layin, rana ta faɗa masa abin da na kasa faɗa, mu sauko ba wanda ya ji. Abin da ban sani ba, Baba ya kira Alhaji Dauda a waya don murna, shi kuma ya gayyato mutum huɗu daga cikin tsofaffin masu bin Baba salla. Muna isa muka tarar da su a bakin ƙofa da manyan riguna, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Wannan shi ne laifina, ku riƙe shi daidai: ban tara masa mutane ba, amma da na gan su ban ce mu fasa ba. Na ji kunyar in yi magana, kunyar tawa kuma shi ta faɗa wa.

Muka taka matakalar da ta mutu, suna ta raha, ana tuna wanda ya taɓa yin barci a sujada. A sama tagogin sun buɗe gaba ɗaya, hawa na uku ya cika da haske har ba a gane shi. Baba ya cire takalminsa, ko da yake ƙasan duk ƙura ce, ya je ya tsaya a wurinsa na liman. Sauran suka jeru a bayansa a kan tef ɗin, da wasa, kafaɗa da kafaɗa. Inuwoyinsu shida suka miƙe a gabansu. Na ga lokacin da ya gani. Ya dubi inuwar, ya waiwaya ya dubi ranar, ya sake duban inuwar. Ya ɗaga hannu ya shafa ƙeyarsa inda zafin ke dukansa.

"Uwani," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan bangon, shi ne na saman ƙofar shiga?"

"Shi ne, Baba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara."

Can Alhaji Dauda ya yi gyaran murya ya ce, "To ai duniya a zagaye take, Malam. Mun dai bi doguwar hanya ne, amma muna isa Makka." Mutum biyu suka yi dariya, irin ta ceton rai. Baba bai yi ba. Ya durƙusa, ya sa farce ya kama bakin tef ɗin, ya ɓare shi a hankali tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya dunƙule shi ya sa a aljihu. Sannan ya juya ya fuskance su ya ce, "Ku yafe mini." Ya sa takalminsa ya sauka. A jirgi bai zauna kusa da ni ba.

Limamin Tremont ya zo har gida ya gaya masa cewa wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, sallarsa ta yi, ta waɗanda suka bi shi ma ta yi, babu ramuwa a kan kowa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya raka shi bakin lifta. Amma daga ranar bai sake shiga gaban kowa a salla ba, ko a masallaci ko a gida. In aka matsa masa sai ya ce mutumin da ya yi shekara goma sha tara bai sake auna abin da ya auna sau ɗaya ba, sahun baya ya dace da shi. Na kai wa Madam Elena zanen gaskiya. Aka daɓe koren layin a karkace, yana yanka ɗakin daga kusurwa, har mai daɓen ya kira ni sau biyu yana tambaya ko kuskure ne. Shagunan suka buɗe kafin sanyi ya shigo. Ɗakin yana nan bayan mai sayar da takalma, ana salla a cikinsa har yau. Kakanku bai taɓa zuwa ya gan shi ba.

Wata uku muna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba fushi yake nunawa ba, da fushi ne da ya fi sauƙi. In na shigo falo sai ya sunkuya a kan ɗinki. Na daina cin abinci a tebur, na koma ɗakina da littattafaina. Wata Asabar da hantsi, ina karatu, na ji ya tsaya a bakin ƙofata.

"Uwani, kayan awon nan naki suna nan?"

"Suna nan, Baba."

"Ɗauko. Zo ki duba mana alƙiblar gidan nan."

Na fito da kamfas da taswira. Umma ta fito daga kicin ta tsaya da ludayi a hannu. Baba ya janye kekensa gefe, ya riƙe mini bakin zare a kusurwar dardumar falo, ni kuma na ja ɗaya bakin zuwa taga. Na auna, na sake aunawa, yana kallon hannuna, bai ce in yi sauri ba. Da na gama na uku na ce masa daidai take, ko yatsa ɗaya ba ta kauce ba.

"Wa ya fitar da ita da muka tare?" ya tambaya.

"Ni ce," in ji Umma. "Kana wurin aiki. Maƙwabciya na tambaya."

Baba ya dube ta, ya dube ni, zaren na hannunsa har yanzu. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana share ido da bakin rigarsa.

"Tambaya," ya ce. "Shekara goma sha tara, ga mai tambaya a gidana." Ya miƙo mini zaren. "Naɗe shi da kyau, Uwani. Ki zo ki ci abinci a tebur."